Monika, Uwar Da Ba Ta Fid Da Zuciya Ba

A wannan wata zancenmu a kan iyayenmu mata yake, musamman waɗanda 'ya'yansu suka juya wa bangaskiya baya.

An yi wata mace mai bi, sunanta Monika, mutuniyar garin Tagaste, cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Mijinta ba mai bi ba ne, ga shi da zafin rai. Ba ta rama masa da baƙar magana ba, ta zauna da shi cikin haƙuri, har ya karɓi baftisma kafin mutuwarsa.

A shekara ta 354 ta haifi ɗa, aka sa masa suna Agustin. Yaron yana da basira ƙwarai, sai aka kai shi karatu birnin Kartaj. A can ya ajiye mace ba aure, suka haifi ɗa, ya kuma shiga cikin mabiyan koyarwar Mani wajen shekara 9. Da fari Monika ta hana shi cin abinci a gidanta, amma daga baya ta sake shawara, ta buɗe masa ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A 383 ya yi mata dabara, ya bar ta a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa Roma. Duk da haka ba ta daina yi masa addu'a ba. Ta ƙetare teku ta same shi a Milan, inda yake jin wa'azin Bishop Ambros. A Idin Tashin Ubangiji na 387 aka yi masa baftisma, yana da shekara 32. Cikin shekarar nan Monika ta rasu a Ostiya, suna hanyar komawa gida. Ba ta ga ranar da ya zama Bishop na Hippo ba, amma ta ga abin da ta roƙa.

Ke uwa, wadda ɗanki ya tafi birni ya manta da hanyar sujada, kada ki karai, kada kuma ki yi masa baki. Ki ci gaba da addu'a, ki faɗa masa gaskiya cikin ƙauna. Ki kawo damuwarki wurin 'yan'uwanki na Zumuntar Mata, ku ɗauki nauyin tare. Ba mu san lokacin da Ubangiji zai amsa ba, amma mai haƙuri yakan dafa dutse.

Mu 'ya'ya fa? Doka ta biyar ba ta ƙare a ranar da muka sami aikin albashi ba. A cikin Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa waɗanda suka hana iyayensu taimako, suna cewa sun keɓe dukiyar ga Allah. Yana bisa gicciye ma, sai da ya danƙa uwarsa a hannun Yohanna. To, ina hujjarmu idan muna ba da baiko a ekklesiya, tsohuwarmu kuwa ɗakinta yana yoyo?

Kafin watan nan ya ƙare, mu je mu gaishe su. Wanda yake nesa ya aika da saƙo da ɗan abin hannu. Wanda ya ɓata wa tasa rai ya je ya durƙusa ya nemi gafara tun tana da rai.

Ubangiji ya sa wa iyayenmu mata albarka. Amin.