Fitilar da ba ta cin batir: yadda za mu sa wa keken guragu dainamo

 A wannan makon za mu sauka daga allo mu koma bakin titi, domin akwai wani lissafi na Fiziks da ran mutum ya rataya a kansa.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya hango abu, ya gane ko mene ne, ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. To ku ɗauko wannan lissafi ku aza shi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, daidai Shuwarin, ko a kan titin da ya shigo cikin Dutse, bayan sallar magariba, ga hazon hunturu ya sauko. Mai keke na yau da kullum ma da ƙyar ake ganinsa. Ina ga wanda ke zaune a keken guragu, wanda kansa bai fi tsayin bonet ɗin mota ba?

Da yawanmu muna da ɗan aji ko ɗan unguwa da ke zuwa makaranta a irin wannan keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Mafi yawansu shan inna ne ya taɓa su tun suna ƙanana. A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga nahiyar Afirka, amma waɗanda cutar ta riga ta kama suna nan tare da mu, suna zuwa islamiyyar dare, suna zuwa lesin na shirin WAEC da NECO, suna zuwa tarawihi da azumi. Kekunansu kuwa, waɗanda masu walda ke haɗawa a Kano da Jos da sauran garuruwa, galibi suna fitowa ne babu fitila ko ɗaya, gaba da baya.

Wani zai ce ai sai a ɗaura tocila. Ana ɗaurawa, mun sha gani an naɗe ta da roba a jikin ƙarfe. Matsalar ita ce tocila cajinta take jira, cajin kuma wutar lantarki yake jira, mu kuwa mun san halin da ake ciki. Ranar da aka fi buƙatarta ranar za a tarar ta mutu. Shi ya sa hankalinmu ya koma kan dainamo, wato ɗan injin da ke samar da wuta daga juyawar taya.

Asalin abin yana cikin littafin Fiziks na babbar sakandare. A shekarar 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, wuta tana gudana a cikin wayar. Iyakar abin da ke cikin dainamon keke ke nan: maganaɗisu mai juyawa da wayar da aka naɗe. Yawancinsu za ku ga an rubuta 6V 3W a jikinsu. Ku raba 3 da 6, kun sami rabin amfiya. Ku riƙe wannan rabin amfiyar, za mu dawo kanta.

Dainamo iri biyu ne. Akwai mai kama da ƙaramar kwalba, wanda kansa ke gogar gefen taya, irin wanda kakanninmu suka sani a jikin keken Raleigh da Phoenix, mai kukan nan da ake ji tun daga nesa. Akwai kuma wanda aka gina a cikin cibiyar wili, inda wayoyin wili suke haɗuwa. Wannan ma ba sabon abu ba ne, kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham ya fara yin nasa mai suna Dynohub tun a shekarun 1930. A yau Shimano na Japan da SON na Jamus su ne sanannu. A Jamus ma har zuwa shekarar 2013 doka ce keke na yau da kullum ya kasance da dainamo. Na cibiya ya fi na kwalba ta kusan kowace fuska: ba ya zamewa idan taya ta jiƙe ko ta kwashi taɓo, ba ya cinye gefen taya, ba ya ƙara, kuma ba ya danne keke sosai. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙi da hannu, don ƙarfin damtse bai kai na cinya ba, duk ɗan nauyin da aka ƙara masa zai ji shi a kafaɗa kafin ya hau gangaren Garu.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Dainamon cibiya an yi shi ne don tayar gaba ta keke mai ƙafa biyu, wadda babu sarƙa a jikinta. A keken guragu kuwa tayar gaba ita ce mai jan keken, sarƙar da ta sauko daga fedar hannu a kanta take hawa, don haka cibiyarta tana ɗauke da haƙoran sarƙa. Babu wurin dainamo a nan. Dole a koma ɗaya daga cikin tayoyin baya.

Turawa ma sun ci karo da irin wannan matsala a wani keke da suke hawa don motsa jiki da doguwar tafiya, mai ƙafa uku, wanda mutum ke kishingiɗa a cikinsa yana taka feda a gabansa. A mafi shahararsa taya biyu ne a gaba, kowacce an riƙe ta ta gefe ɗaya kawai kamar tayar mota, sarƙa kuma tana baya. Dainamon cibiya na yau da kullum ba ya shiga ko'ina, sai da kamfanin SON ya ƙera na musamman mai kamawa ta gefe ɗaya, mai tsadar da ba ta aljihun ɗalibi ba ce. Saboda haka abu na farko da za mu yi shi ne mu durƙusa mu duba yadda aka ɗaura tayoyin baya na keken abokinmu. Idan kowace taya tana tsakanin ƙarfe biyu, da nati ta ciki da nati ta waje, mun yi sa'a. Idan kuwa a kan sanda ɗaya take da ta fito daga jikin keken, to a bar maganar na cibiya, a nemi na kwalba.

Ga wanda ya yi sa'a, ba sai ya yi odar sabo daga waje ba. A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Japan da Turai akwai masu dainamo a cibiyar tayar gaba. Za ku gane su da kaurin cibiyar da kuma ɗan wurin jona waya a gefe ɗaya, na Japan sau da yawa an rubuta 6V 2.4W. Idan kun juya sandar tsakiya da yatsu za ku ji tana cije-cije, kada ku ɗauka ta lalace, maganaɗisu ne ke riƙewa. Ku zagaya wajen masu gyaran keke, sau tari irin wannan wili yana jingine a lungu ba a san darajarsa ba. Ku tafi da ruler: faɗin cibiyar gaba daga nati zuwa nati yawanci milimita 100 ne, sai ku auna ko tsakanin ƙarafan keken ya kai haka. Idan girman wilin ya yi daidai da ɗan'uwansa na ɗaya gefen, sai a ɗaura kawai. Idan bai yi ba, sai an warware an saƙa cibiyar a cikin tsohon wilin, a nan kuma dole yawan ramuka ya zo ɗaya, 36 da 36 misali, kuma za a buƙaci wayoyi gajeru saboda cibiyar ta fi kauri. Wannan aikin gwani ne, a bar wa mai gyaran keke, wilin da aka saƙa a karkace ya fi rashin fitila haɗari.

Girman taya ma yana da tasiri, kuma lissafin mai daɗi ne. Tayar inci 28 tana cin kusan mita 2.2 a kowane juyi, don haka a gudun kilomita 10 a awa tana juyawa kusan sau 76 a minti. Tayar inci 20 a wannan gudun tana haura juyi 100. Tun da yawan wutar ya danganta da saurin juyawar maganaɗisu, ƙaramar taya ta fi ba da haske a tafiyar sannu, keken hannu kuwa mai tafiyar sannu ne.

Na kwalba ya fi sauƙin samu da sauƙin ɗaurawa. Mai walda zai liƙa ɗan ƙarfe kusa da tayar baya a aza shi a kai. Sharaɗi ɗaya ne: idan aka ja layi daga kan kwalbar zuwa gindinta, layin ya nufi tsakiyar wili. In ya kauce, zai riƙa yankar taya, kafin damina ta fita an sayi sabuwa.

Yanzu mu dawo kan rabin amfiyarmu. Wutar dainamo mai kai-komo ce, wadda littafi ke kira AC, ƙwan LED kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake so. Dayod huɗu da aka haɗa su gada suna gyara wannan, ana samunsu a cikin matattun cajoji ko wajen masu gyaran rediyo. Amma ƙananan ƙwayayen LED na cikin tocila ba su wuce su ɗauki kamar miliamfiya 20 kowanne ba. Ku tura wa ɗaya rabin amfiya, wato ninki 25 na ƙarfinsa, zai yi walƙiya sau ɗaya ya yi sallama. Sai dai a nemi babban LED mai wat 3 a manna shi a jikin guntun alminiyom don ya sha iska, ko kuma, mafi sauƙi, a sayo wilin tare da fitilarsa ta asali. Kada kuma kowa ya jona wayar salula kai tsaye, domin idan babu fitila a jone, ƙarfin wutar yana haurawa sama da bolt 6 sosai a gangara.

Tsofaffin kekuna waya ɗaya suke ja, jikin keken ya zama hanyar dawowar wuta. Mu dai ba mu ba da wannan shawara a keken da aka haɗa da walda aka shafe da fenti, ga tsatsa ga ƙura. A ja waya biyu tun daga dainamo har fitila, a bi jikin ƙarfe a ɗaure ta, a bar mata ɗan sassauci a wuyan keke don kada ta tsinke in an karya kwana, a nisanta ta da sarƙa da kuma inda mai keken ke jan jiki ya hau. Fara a gaba, ja a baya. Ta gaba a sunkuyar da ita ta haska ƙasa 'yan mitoci a gaba, kada ta kashe wa mai tahowa ido.

Akwai aibi ɗaya da bai kamata mu ɓoye ba: keke na tsayawa, dainamo ya tsaya, fitila ta mutu, kuma a mahaɗar hanya ake tsayawa, inda aka fi buƙatar a gan ka. Fitilun zamani suna da wata babbar kafasita da ke riƙe haske na 'yan mintoci, ƙaramar da za ku ciro daga rediyo kuwa ƙyaftawa kawai za ta rage. Don haka a haɗa da abin da ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, wato jan tef mai maida haske irin na bayan tirela. A manna shi a ƙarshen dama da ƙarshen hagu na bayan keken, domin ɗigon ja guda ɗaya a tsakiya yana sa direba ya zaci keke mai ƙafa biyu ne ya matso ya goge tayar gefe. A ƙara da siririyar sanda mai tsayi da ƙyalle mai haske a samanta.

Wannan aiki ne da kulob ɗin JETS na kowace makaranta a Dutse, Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu zai iya ɗauka a zango ɗaya, da malamin Fiziks da mai gyaran keke ɗaya. Amma kafin kowa ya ɗauko sifana, a fara zama da mai keken. Keken nan ƙafarsa ce, ba kayan gwajin ɗakin kimiyya ba, kwana ɗaya a wajen mai walda na nufin kwana ɗaya bai je aji ba. Shi ya san ta gefen da yake hawa, da hanyar da yake bi da dare, da ko zai iya jure nauyin na kwalba. A sa aikin ranar Asabar, a gwada da shi a cikin filin makaranta bayan magariba, wani ya koma nesa kamar taku 100 ya faɗi abin da yake gani ta gaba da ta baya.