Wanda ya faɗi jarrabawar awon ido, me zai fara yi?

Da yawa daga cikinmu sun wuce shekara 40. A wannan lokaci ne ido yake fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe, har mutum ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa. Daga nan sai neman madubin ido. To, wa yake auna idon, kuma wane ilmi gare shi? Saboda haka muka kawo muku wata mahawara daga ƙasar Amurka.

A can, awon ido sana'a ce mai zaman kanta. Mai awo ba ya fiɗar yanar ido. Aikinsa shi ne duba ido, rubuta madubin da ya dace, da gano cuta tun da wuri. Bayan karatun farko na jami'a, ɗalibi yana yin shekara 4 a makarantar awon ido. Akwai kuma jarrabawar ƙasa mai kashi 3. Biyu na farko tambayoyi ne, na ukku kuwa gwajin aiki ne da ake yi a birnin Shalot. Sai ya ci jarrabawa jiha take ba shi takardar izinin aiki.

Bayan makaranta akwai wata shekara 1 ta ƙarin koyo a asibiti, ƙarƙashin ƙwararru. Ba tilas ba ce, albashinta kaɗan ne, kuma mafi yawan ɗalibai ba su yin ta. Abin da ake gardama a kai shi ne: wanda ya faɗi jarrabawa, ko wannan shekara za ta iya ɗaga shi?

A ganinmu, ya fara komawa ya ci jarrabawarsa. Dalili na farko, asibitoci da yawa ba su ɗaukar mai koyo sai ya ci ta. Na biyu, domin mara lafiya aka kafa ta. Hawan jinin ido yana cin gani a hankali, sau da yawa ba tare da zafi ba, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ciwon sukari ma yana lalata cikin ido. Mai awon da bai gane waɗannan alamu ba zai sallami mutum da madubi, cuta kuwa tana ci gaba. Na ukku, faɗuwa ba ta rufe ƙofa, ana sake zama. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasu suna cewa sanin aiki a hannu yake, takarda ba ta duba ido. Akwai gaskiya a nan. Wanda ya yi wata 12 kusa da gwani yana ganin cututtuka iri-iri da idonsa. Ga mai son aikin asibiti ko koyarwa, shekarar tana da amfani ƙwarai, kuma tana maido da ƙarfin zuciyar wanda ya taɓa faɗuwa. Amma bayan izini ya kamata ta zo. Wanda bai samu yin ta ba, ya nemi aiki inda akwai babba da zai riƙa tambaya.

Mu ma a nan muna da darasi. Madubin da ake sayarwa a kasuwa yana iya taimaka maka wajen karatu, amma mai sayarwa ba ya gano cuta. In ganinka ya ragu, ka tafi gidan likita, wurin ma'aikacin da ya koyi aikin ido, aka gwada shi, aka ba shi izini. A duba idon tukuna, sannan a sayi madubi.