Wa ya fara yanka jikin mace?

Duk lokacin da hoton wani aikin Wangechi Mutu ya faɗo a waya, ba a rasa mai cewa: "Wannan ai wasan yara ne, almakashi da gam." Wani kuma ya kawar da kai ya ce batsa ce. Mun gaji da jin maganganun nan biyu.

Mutu 'yar Kenya ce, an haife ta a Nairobi a 1972, ta yi karatun zane a Amurka har jami'ar Yale. Sana'arta yanka da mannawa. Takan ɗauko mujallar kwalliya, da ta babura, da National Geographic, da tsofaffin littattafan likitoci, har da mujallun tsiraici, ta yanko leɓe daga nan, cinya daga can, ƙarfen inji daga wani wuri, ta haɗa mace guda. Macen ba ta da daɗin kallo, kuma da gangan ne. Akwai jerin fuskoki 12 da ta gina a kan shafukan likitanci na ƙarni na 19 masu zanen cututtukan mahaifa, inda ciwon da likita ya zana ya koma wani sashe na fuska mai ido, tana kallon mai kallonta.

To masu cewa batsa, mu tambaye ku: wa ya fara yanka jikin baƙar mace gunduwa-gunduwa? Mai hoton zamanin mulkin mallaka ne, da ya ɗauki mata ƙirji a buɗe ya buga a katin wasiƙa aka aika Turai. Mai talla ne, da yake sayar da leɓe daban, ƙugu daban, fata daban. Tallan man bilicin da ke wucewa a wayoyinmu kullum, wa ya taɓa kiransa batsa? Mutu tsintar gutsattsarin kawai ta yi, ta bar ɗinkin a fili don a ga inda wuƙa ta bi. Haushin nan naku ya yi ɓatan kai.

Zancen wasan yara kuwa gajere ne. Tun 1919 Hannah Höch take yanka jaridu a Balin tana yi wa 'yan siyasar Jamus ba'a, daga baya 'yan Nazi suka hana ta baje kolin aikinta. Gwamnati ba ta tsoron wasan yara.

In faɗa ake so, ga inda ya kamata a yi shi. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC, tana shimfiɗa hotunan danginta da na mujallun Nijeriya a cikin zanenta. A Maris 2017 an yi gwanjon aikinta ɗaya a Christie's ta Landan a kan sama da dala miliyan 3. An kwashi hotunan gida an haye teku da su, sun shige falon wani attajiri, mu kuwa sai dai mu buɗa su da yatsu biyu a fuskar waya, in akwai data. Aikin da ke tuhumar kasuwar duniya, kasuwar ce ta saye shi. Hukumar da ke kula da taskar zane ta ƙasa a Abuja ta faɗa mana guda nawa ta taɓa aro don ɗalibin zane na Zariya ya tsaya a gabansu.