Lissafin Mabukata

Kowace shekara, in an gama girbi, ma'aikatan gona suna bin ƙauyuka suna duba abin da damina ta bada. Suna auna gonaki, suna tambayar magidanta damin da suka samu, suna rubutawa. Takardun su tafi Yamai. Can ake haɗa su, a faɗi ƙauyukan da cimakarsu za ta kai su wata damina, da waɗanda rumbunansu za su ƙare tun kafin bazara. Manoma da yawa suna ganin wannan zagaye aikin ƴan birni ne, bai shafe su ba. Alhali kuwa bisa wannan lissafi ake yanke buhu nawa OPVN za ta fitar daga mangaza, da abin da za a roƙa wajen ƙasashen waje. Ƙauyen da bai shiga takarda ba, kamiyo ba ya tsayawa a bakinsa.

Saboda haka nauyin da ke kan gwamnati biyu ne. Ta faɗi gaskiyar yawan mabukata, ta kuma nuna inda kowane buhu ya sauka.

Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Taimako ya shigo daga Amurka da Turai, amma Nijar ba ta da bakin teku. Hatsi sai ya sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa, sannan a jawo shi tafiya mai nisa. Wanda ya makara a hanya yana da uzuri. Wanda ya iso ya kwana a mangaza, ko ya ɓulla a kasuwa ana saida shi, ba shi da uzuri ko kaɗan. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kawar da gwamnatin Diori Hamani, kuma cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar har da yadda aka riƙe abincin taimako.

Shekarar 2005 ta fi kusa, ita ce kuma ta fi cancanta a tsaya a kanta. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, ga fara ta sauka. Lissafin hukuma ya nuna giɓin hatsi tan 223.000, da mutum wajen miliyan 3 da rabi cikin matsi. Wannan ba a ɓoye shi ba, don tun watan Nuwamba 2004 gwamnati ta nemi taimako. Masu bayarwa ne suka yi shiru. A watan Mayu 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dalar Amurka miliyan 16, abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Sai a watan Yuli, da telebijin na Turai ya nuna yara masu tamowa a Maradi, kuɗi suka fara zubowa, har aka ɗaga roƙon zuwa miliyan 81 cikin Agusta. Ke nan su ma masu bada taimako akwai tambaya a kansu. Takarda ta riga hoto isa wurinsu da wata 8, ba su motsa ba.

Gwamnati ma tana da nata kason. Ta zaɓi a saida gero da rahusa, buhun kilo 100 jikka 10, lokacin da a wasu kasuwanni ya kusa jikka 30. Hujjar ita ce rabon kyauta zai ɓata kasuwa. To amma wanda ya riga ya saida awakinsa, ya jinginar da gonarsa, ina zai samo jikka 10? A farkon wannan shekara kuma aka ɗora haraji na kashi 19 cikin 100 bisa fulawa da madara, sai da jama'a suka fito zanga-zanga a watan Maris kafin a janye. Rabon kyauta ga kowa bai kankama ba sai Agusta. Cikin wannan wata ne shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa ba yunwa ba ce, ƙarancin cimaka ne irin wanda aka saba. A shekarar nan likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani. A 2010, bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu, hukumar Salu Jibo ta fito fili ta ce mutum fiye da miliyan 7 ba su da isasshen abinci, kuma taimako ya fi saurin zuwa.

Akwai wani abu cikin lissafin 2005 da ba a cika faɗi ba. Tan 223.000 bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasa ke ci a shekara ba. Lissafin gaskiya ne, sai dai hatsi ya ƙidaya, bai leƙa aljihu ba. Shi ya sa jihar Maradi, rumbun ƙasa, ta zamo inda aka fi ganin yara masu tamowa, ga gero jibge a kasuwa, ga uwa ba ta da kuɗin tiya guda.

Irin wannan ne lissafin marasa aikin yi. Shekaru da dama takardun Bankin Duniya suna nuna cewa a Nijar marasa aiki ba su kai 1 cikin 100 ba, ƙasa da na Faransa nesa ba kusa ba. Wanda ya ji haka sai ya yi dariya, amma ba ƙarya aka shirga ba. Ƙa'idar ƙidayar ce haka: duk wanda ya yi aiki ko na awa 1 cikin makon da aka tambaye shi, mai aiki ne. Manomin da gonarsa ke riƙe shi wata 4 mai aiki ne. Saurayin da ya tura kurar ruwa sau biyu mai aiki ne. Wanda ya tafi ci-rani Kano ko Abijan ko Libiya ba ya gida balle a rubuta shi. Talaka ba ya iya zama ba ya komi, don in ya zauna ba ya ci. Duk shugaban da zai yi alfahari da wannan adadi, ya kamata a tambaye shi mutum nawa ne aikinsu ke ciyar da gidansu wata 12.

A ƙauye ma akwai gyara. In aka zo ƙidayar lanho, wani magidanci mai mutum 12 sai ya rubuta 6. Ran da abinci ya zo aka ce za a raba bisa takardar iyali, sai ya samu rabon mutum 6, ya koma yana zagin maigari. Wannan laifinsa ne. Amma hukuma ta san da wannan hali tun tuni, bai dace ta auna yunwa da takardar da aka yi don karɓar kuɗi ba. A 2011 aka fara wani shiri da kuɗin Bankin Duniya, dalar Amurka miliyan 70, ana ba gidaje matalauta jikka 10 kowane wata har wata 24, a hannun mata, cikin jihohin Doso, Maradi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. A nan gida gida aka bi ana tambaya kafin a fidda sunaye. Wannan ya fi, ko da yake wanda aka tsallake yana da hakkin a gaya masa dalili a bainar jama'a.

Abin da ƙauye zai iya yi da kansa ba shi da wuya, in akwai mutum biyu ko uku da suka yi karatun manya. Kamiyo ba ya tashi daga mangaza ba takarda. Takardar tana faɗin tan nawa aka ɗora da sunan garin da za a kai. A nemi a karanta ta da ƙarfi a ƙofar maigari kafin a sauke, mata suna wurin. Tan 1 buhu 10 ne na kilo 100, ko buhu 20 na kilo 50. Buhun kilo 100 na gero yana bada tiya wajen 40. Misali, in takarda ta ce tan 5, garin kuma gida 100 ne, to tiya 2.000 ke nan, kowane gida tiya 20 in an raba daidai. In aka ga 15, buhu 12 da rabi sun tsaya wani wuri. A rubuta rana, da lambar mota, da sunan wanda ya sa hannu, cikin littafin gari. Kwafi guda ya tafi wurin magajin gari, guda wurin prefe, guda kuma ya zauna hannun sakataren ƙauye har zuwan kamiyo na gaba.