Sharhi: Cutar yaushin latas da darasin da ke cikinta ga manoman rani

Cutar yaushi da ke kashe latas tun daga saiwa na ci gaba da zama babban ƙalubale ga manoman ganyaye a Turai da Amurka, kuma har yanzu babu feshin da ke warkar da shukar da ta kamu.

Ƙwayar cutar, dangin funfuna ce mai suna Fusarium. Tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye, sai shukar ta tsumbure, ta yi rawaya, ta bushe. Idan aka tsaga gindinta akan ga cikinsa ya yi ja-ja.

An fara gano ta a Japan a 1955, ta ɓulla a jihar Kalifoniya a 1990, sannan a yankin Yuma na jihar Arizona a 2001, da Italiya a 2002. Wani sabon nau'inta, na huɗu, ya bayyana a Holan, ya kuma isa Ingila a 2017.

Abin da ya sa ta gagari magani shi ne yadda take kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru ko da babu latas a gonar. A da, manoma kan turara ƙasa da sinadarin metil buromaid, amma Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga daina amfani da shi, saboda yana lalata lemar ozon da ke kare duniya. Iri mai jure cuta kuwa yana taimakawa, sai dai wanda ya jure wani nau'i kan faɗi a gaban sabo.

Don haka masana suka karkata ga haɗa dabaru. Akan jiƙa ƙasa a lulluɓe ta da farar leda na makonni a lokacin zafi, domin rana ta rage ƙwayoyin. Akan huta da shuka latas a gona ɗaya, a riƙa sauya amfani. A Yuma an lura cewa latas ɗin da aka shuka a watan Satumba, ƙasa na da zafi, ya fi kamuwa fiye da wanda aka jinkirta zuwa sanyi. Akan kuma wanke garma da takalma da faranten reno, tunda turɓayar da ta maƙale musu ita ke kai cutar gona mai lafiya.

Manoman Jos da na fadamun Kano, waɗanda ke noman latas, suna da abin lura a nan, domin ƙwayar na iya bin iri da dashe. Tantance irin da ake shigowa da shi, da horar da malaman gona su gane alamunta da wuri, sun fi araha nesa ba kusa ba a kan tsabtace gonar da ta gurɓata. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.