A Gwada Manhajojin Ƙari Kafin a Ba Su Amana

Masu hikima sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibin da ya taso daga Kazage zuwa cikin garin Birnin Gwari domin buga takardar sakamakon JAMB yakan rubuta kalmar sirrinsa a kwamfutar shagon intanet, alhali bai san abin da aka ɗora mata ba. Tsagar bangon a nan ita ce manhajojin ƙari, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza domin toshe talla ko sauƙaƙa sauke bidiyo.

A da, idan wani shafi ya buɗe sabuwar taga, alaƙa takan wanzu tsakanin tagogin biyu, har sabuwar ta iya musanya tsohuwar da shafin bogi mai neman kalmar sirri. Firefox ta yanke wannan alaƙa ga mahaɗan da ke buɗe sabuwar taga a 2020, Chrome kuma ta bi sahu a 2021. To amma wannan gyara bai ɗaure hannun manhajar ƙari ba. Muddin aka ba ta izinin karantawa da sauya bayanan dukkan shafuka, tana da ikon buɗe taga, ko juya akalar wadda ke buɗe zuwa inda ta ga dama. Alal misali, a watan Fabrairun 2020 kamfanin Google ya cire irin waɗannan manhajoji fiye da 500 daga rumbunsa, bayan an gano suna karkatar da mutane zuwa shafukan talla da na damfara.

Saboda haka wajibi ne mai shago ya gwada kowace manhaja kafin ya bar ta a kwamfutar jama'a. Ya fara karanta izinin da take nema. Sannan ya ɗora ta ita kaɗai, ya buɗe shafuka biyu ko uku, ya lura ko wata taga ta buɗe ba da umarninsa ba, ko adireshin tsohon shafi ya sauya. Wadda ta gaza, ko wadda bai san amfaninta ba, ya cire ta nan take.

Shi kuwa ɗalibi, ya duba adireshi da kyau kafin ya rubuta kalmar sirri, ya kuma fita daga asusunsa kafin ya tashi. Gwajin nan ba ya cin ko kwabo, amma asusun da aka sace kan iya jawo wa yaro asarar gurbin karatu na shekara guda.