Sharhi: Ofis ba takarda, amma wa ke riƙe da makullin fayilolin gwamnati?

A watan Fabrairun 2024, Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ta fitar da gargaɗi kan yadda takardun sirri na gwamnati ke ɓulla a kafafen sada zumunta. Cikin matakan da ta umarta har da hanzarta mayar da aikin ofis kan kwamfuta. Wadda ta gaje ta, Misis Didi Esther Walson-Jack, ta ɗora a kai, inda ta tsayar da 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil na takarda.

Sai dai sauya wa takarda mazauni ba ya hana ta fita. A tsohon tsari, fayil ɗin sirri yana da ɗakin ajiyarsa, da akawu mai rubuta sunan wanda ya karɓa, da masinjan da zai kai shi. Tsarin yana da nawa, amma nawar kanta katanga ce. A kwamfuta kuwa, abin da ya maye gurbin ƙofa da kwaɗo shi ne izinin da aka ɗora wa kowace jakar ajiya: wane ne zai gani kawai, wane ne zai gyara, wane ne zai sauke ko ya tura wa wani.

A manhajojin da ofisoshi suka saba da su, irin su SharePoint da Google Drive, ƙaramar jaka tana gadon izinin babbar jakar da take ciki. Idan aka buɗe wa dukkan ma'aikatan sashe babbar jaka domin su ga jadawalin hutu, daga baya wani ya ajiye rahoton ladabtarwa ko takardun neman kwangila a ƙarƙashinta, to kowa ya samu hanya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a saci kalmar sirri ba, sakaci ne na minti ɗaya. Haka nan zaɓin nan da ke ba duk mai riƙe da mahaɗin takarda damar buɗe ta: da zarar mahaɗin ya faɗa zauren WhatsApp, zance ya ƙare.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2023, masu binciken tsaro na kamfanin Wiz sun gano cewa mahaɗi guda da ma'aikatan Microsoft suka saki da izini fiye da kima ya bar bayanai masu girman terabait 38 a buɗe.

Aikin gwamnati yana da tasa larurar ta daban, wato yawan sauyin wurin aiki. Jami'in gudanarwa kan bar wannan ma'aikata zuwa waccan, wani ya yi ritaya, mai yi wa ƙasa hidima ya kammala shekararsa. A da, mutum kan miƙa makulli kafin ya tafi. Yanzu, muddin takardar sauyin ba ta isa ga sashen kwamfuta ba, izininsa yana nan daram, har ya tara makullan ofisoshi uku. Shi ya sa ya fi dacewa a ɗaura izini a kan muƙami maimakon sunan mutum, kuma daraktan da ya san nauyin takardar ya yanke wanda zai gan ta, ba injiniya ba.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Fayil ɗin ma'aikaci kuwa yana ɗauke da albashinsa, lambar asusunsa, wani lokaci har da rahoton likita.

Akwai kuma ɗaya gefen. Kwamfuta tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe takarda da lokacin da ya buɗe, abin da ke sauƙaƙa gano mai kwarmato, ko da almundahana ya tona. Ƙuntata izini kuma bai soke Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba. Ɗan ƙasa da ya nemi takardar da doka ba ta keɓe ba yana da haƙƙin samun amsa cikin kwana bakwai, ko a wace jaka aka kulle ta.